Layi Biyu, Jaka Ɗaya

Asabar, da hantsi

Ta sha madara. Ba da baki ba tukuna, ta robar da aka zura mata a hanci ne, kuma abin da ta sha bai cika cokalin shayi ba, amma ya zauna a cikinta, bai dawo ba. Sista, babbar nas ɗin ɗakin bakwaini, ta fito ta same ni a benci ta ce, "Injiniya, 'yarka ta ci abinci." Na miƙe tsaye kamar ɗan makarantar da aka kira a aji. Na rasa yadda zan yi da hannuwana, sai na zuba su a aljihu.

Yaya ce ta sayo mini littafin nan. Ta ce tunda na ƙi magana da mutane, in yi da takarda, ita ba ta gajiya da saurare kuma ba ta kai tsegumi. Ga shi ina gwadawa.

Tun ina saurayi nake aiki a asibitin nan, a ɗakin kwamfuta da ke ƙasan bene. Wayar da ta shiga bangon ɗakin bakwaini ni na ja ta da hannuna, amma ban taɓa lura akwai benci a ƙofarsa ba. Yanzu na san ƙafarsa ta hagu ce gajeriya, na san wurin da fenti ya ɓare.

Kwalba ɗaya ce tamu yanzu, ta kusa da taga. Ta kusa da ƙofa an wanke ta, an sa ɗan wasu.

Asabar, da la'asar

Jakar ta zo.

Lahadi, bayan azahar

Bari in rubuta zancen jakar nan, ko na daina juya shi a raina.

Madarar da Ƙarama, ta biyu a 'yan biyunmu, take sha ba ta isa ta riƙe rai ba. Abincinta na gaske jakar ƙarin ruwa ce da ake haɗa mata kullum a ɗakin magani, daidai nauyinta, ta bi ta jijiya. Mai haɗa maganin ba ya ganin jarirai, allon kwamfutarsa yake gani. Duk jaririn da layinsa yake buɗe a rumbun bayananmu za a haɗa masa. Wanda aka rufe layinsa, shi ke nan, ba ya cikin lissafin ranar.

Ranar Alhamis, bayan abin da ya faru, nas ta yi abin da aikinta ya ce ta yi. Ta buɗe manhaja, ta zaɓi layin Babba, wadda Allah ya karɓa, ta rufe. Sai layi biyu suka rufu, ba wanda ya lura.

Dalilin ba wani abin mamaki ba ne. Jariri kafin a yi masa rajista da sunansa ba shi da lambar kansa a wurinmu. Lambar uwarsa ake sa masa, da ranar haihuwa, da mace ce ko namiji, da ɗakin da yake kwance. To 'ya'yana uwa ɗaya, rana ɗaya, duka mata, ɗaki ɗaya. A wurin inji babu abin da ya raba su. Ita kuma manhajar, da aka saya wurin wani kamfani da ya daɗe da kulle ƙofa, idan nas ta danna layi ba ta ce wa rumbu "gyara wannan ɗin". Cewa take, duk layin da ke ɗauke da lamba kaza da rana kaza a gyara shi. Rumbu kuwa ba ya tambaya. Ya duba ya ga biyu, ya rufe biyu.

Ranar Juma'a da yamma Sista ta ga jakar da ke rataye ta kusa ƙarewa, sabuwa ba ta zo ba. Ta kira ɗakin magani, aka ce mata babu wannan jaririyar a allo. An ce ba ta ko ajiye wayar daidai ba, ta sauka da ƙafarta, ta tsaya a kan mutumin har ya haɗa. Ni sai jiya na ji labari, daga bakin wata nas da ta ɗauka na sani.

Tun daga ranar takarda ake rubutawa da hannu kowace safiya, wani ya sauka da ita. Wato abincin 'yata ya rataya a kan kada wani ya manta.

Ban yi fushi da kowa ba. Ƙarya nake, na yi. Na rasa dai wanda zan yi da shi.

Litinin, da safe

Na sauka ofis. Oga yana ganina ya haɗe rai, ya ce hutu aka ba ni, ba ziyara ba, in koma wurin iyalina. Na ce iyalin nawa suna sama, ni ina ƙasa, bene ɗaya ne tsakaninmu. Ya ce to in zauna amma kada in taɓa rumbu mai rai, mutumin da hankalinsa ba ya jikinsa ba ya taɓa bayanan marasa lafiya. Na so in yi musu, sai na tuna da safen nan takalmi daban-daban na sako, Yaya ce ta mayar da ni daga bakin ƙofa.

Dogo, abokin aikina da teburinmu ke haɗe, ya kawo mini shayi. Dogo ba ya kai kafaɗata, don tsokana aka sa masa sunan, ya bi shi. Mutum ne da in ba ya surutu to ba shi da lafiya, amma yau ya yi shiru har na ji tausayinsa. Can ya ce in kwantar da hankalina, zai sake buɗe layin kafin a tashi, takardar hannu ta ƙare. Na ce Allah ya saka. Ban tambaye shi yadda zai yi ba.

Litinin, da la'asar

Jakar ta zo. Mai ɗakina ta sa yatsa ta ramin kwalba, Ƙarama ta kama. Sista ta raɗa mata Barkono, wai ba girma sai faɗa, har robar hancinta take ƙoƙarin fizgewa.

Talata, da azahar

Jaka biyu suka zo.

Talata, da yamma

Na fita na zagaya bayan asibiti, wajen injin wuta inda ƙara ba ta barin a ji mutum. Yanzu zan iya rubutawa.

Umarnin da ya rufe biyu shi ne ya buɗe biyu. Da na tambayi Dogo jiya da na gane, amma ban tambaya ba. Layin Babba ya dawo allo kamar ba abin da ya faru, ɗakin magani suka haɗa mata tata. Wata sabuwar nas da aka turo daga wani sashe ta shigo da jaka a kowane hannu, ta duba kwalba, ta duba allo, ta juyo wurin mai ɗakina da fara'arta ta ce, "Maman Biyu, ina ɗayar take?"

Tun ranar haihuwa haka kowa yake kiranta a ɗakin, har masu shara. Tun Alhamis kuwa ba wanda ya sake faɗa. "Madam" suke cewa, ko su yi magana ba tare da kira ba. Ni ma haka.

Ba ta yi kuka ba. Ta nuna kwalbar taga ta ce wannan ce take buƙata. Sista ta zo ta karɓe jaka ɗaya ta ɓoye a bayanta ta fita da yarinyar. Na ji daga baya yarinyar ce ta yi ta kuka a ɗakin canza kaya.

An sake rufe layukan, an koma takarda. Dogo ya zo har benci ya tsaya a gabana. Na matsa masa ya zauna. Garin neman gira ne, na sani.

Laraba, da hantsi

Mun zauna mu uku. Oga ya ce a yi wa yarinya rajista da suna kawai ta sami lambarta, a huta. Dogo ya ce sunan ma ta ƙofa ɗaya zai bi, layi biyu zai hau. Ban da haka, uwarta ta riga ta ce ba za ta kira ta da suna ta bayan gilashi ba. Aka ce a ƙara wa kowane layi lambar da ba ta da ta biyu. Wannan shi ne gyaran gaskiya, amma injin gwajin jini da manhajar ɗakin magani duk da tsohon tsarin suke karanta jadawalin, ka ƙara masa abu ɗaya su tsaya cak. Aikin watanni ne, ni kuwa ba ni da watanni.

Sai na ce mu yi da manuni. Oga ya daɗe bai rubuta manhaja ba, sai na yi masa bayani kamar yadda zan yi wa Yaya. Manuni yatsa ne. Manhaja za ta ce wa rumbu ya jero mata jariran ɗaki, ta ɗora yatsa a layin farko, ta riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. In nas ta ce a gyara ko a goge, manhaja ba za ta siffanta layin da lamba da rana ba. Cewa za ta yi, wanda yatsa yake kai yanzu, shi kaɗai. Ko layi goma ne suka yi kama, rumbu ya san inda yatsa yake.

Oga ya yarda, da sharaɗin a rumbun gwaji zan yi, Dogo ne zai duba, kuma ba abin da zai hau mai rai sai shugaban likitoci ya sa hannu. Na ce na ji.

Tun ranar Alhamis ɗin, wannan ne karon farko da na ji akwai abin da hannuna zai iya. Na ci abinci da rana har na nemi ƙari.

Laraba, da la'asar

Takarda ta sauka, jaka ta hau. Ɗaya.

Alhamis

Ban je ofis ba.

Juma'a, bayan la'asar

Dogo ya kawo shawara da safe, yana kallon ƙasa. Ya ce tunda manuni zai iya kama layi ɗaya, me zai hana mu goge ɗaya gaba ɗaya, a bar ɗaya, rikici ya ƙare har abada. Ta fuskar aiki ba laifi a maganarsa. Na ce zan yi tunani.

Ban yi niyyar gaya wa mai ɗakina ba. Muna zaune a benci tana matsar nono a 'yar kwalbar da ake kai wa Ƙarama, mayafi a rufe, ta ce wai me nake yi a ƙasa kullum ne kamar mai haƙar rijiya. Na fara bayani da yatsa da layi, ina zana mata a tafin hannu. Tana ji tana gyaɗa kai, irin gyaɗawar da take yi in ina ba ta labarin ƙwallo. Har na kai ga shawarar Dogo. Sai ta tsayar da hannunta.

"Tana cikin injin naku har yanzu?"

Na ce tana nan.

"Ba ta da suna, ba ta da takarda, hoto ɗaya ne kuma duk roba ce a fuskar. In kun goge, a ina aka rubuta ta zo?"

Ta ɗago ta kalle ni.

"Kada ka goge mini ita. Ka rufe, amma kada ka goge."

Na ce ba zan goge ba. Wannan ce magana mafi tsawo da muka yi a kan Babba, kuma na ji sauƙi da muka yi ta, sauƙin da ban zata ba. Na sauka na gaya wa Dogo. Ya ce dama shi ma bakinsa ne ya faɗa, zuciyarsa ba ta so.

Asabar, da azahar

Sista ba ta aiki ƙarshen makon nan. Tun da asuba nake tunanin takardar. Na zo na tarar Yaya ta riga ni, ta kafa kujera a ƙofar ɗakin nas-nas da kwandon abincinta. Duk wadda ta fito sai ta gaishe ta da kyau, ta tambayi gida da yara, sannan ta ce, 'yan nan, takardar Barkono fa? Har wata ta ce mata, Hajiya, an kai tun ɗazu, ke ce ta huɗu da kika tambaya kuma duk ke ce.

Na ce Yaya za ki sa a kore mu daga asibitin nan. Ta ce, "Auta, kai ka je ka yi da injinka, ni ka bar ni da mutane."

Jakar ta zo.

Lahadi, da la'asar

Ta zo. An ƙara mata madara. Sikeli ya ɗan motsa sama.

Litinin, da yamma

Yau Allah ya rufa asiri, kuma ta hannun Dogo.

Na gama rubuta gyaran, na gwada da layi biyu masu kama, ya yi daidai, har na fara jin kaina. Dogo ya ce a'a, mu cika ɗakin gwaji da jarirai na ƙarya kamar yadda yake a sama. Ya zuba su, ya sa musu sunayen 'yan ƙwallon da ba ya so. Ya danna na uku a allo ya ce a sallame shi. Na ukun yana nan daram. Na can ƙasan jerin ne ya tafi gida.

Muka bi sawu muka gano. Saboda layin sadarwar asibitin nan tafiyar hawainiya yake, an saita manhajar tun da can ta riƙa ɗebo layuka da yawa a tafiya ɗaya, ta ajiye a kwamfutar nas. Nas tana kallon na uku, amma a can rumbu yatsa ya riga ya sauka har kan na ƙarshen abin da aka ɗebo. Wato yatsa biyu ne, na nas da na rumbu, kuma rumbu nasa yake bi. Da haka muka hau da shi sama, da mun gudu ba mu tsira ba. Da can biyu yake taɓawa, yanzu ɗaya zai taɓa amma ba wanda aka nufa ba, ɗan wasu da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Maganin shi ne kafin kowane gyara manhaja ta mayar da yatsan rumbu kan layin da nas ta zaɓa a cikin abin da aka ɗebo, ta sake karanto shi, ta nuna mata ta ce wannan kike nufi. Mun yi. Dogo ya sallami 'yan ƙwallonsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tafi a kan layinsa, yana yi yana musu addu'ar kada su dawo. Bakinsa ya buɗe yau, har na fara kewar shirunsa.

Sai yanzu na tuna saura kaɗan in ce ba sai an gwada da yawa ba.

Talata, da hantsi

Ta manta numfashi. Haka Sista ta kira abin, wai bakwaini suna yi, barci ya yi musu daɗi su manta. Injin ya yi ƙara, nas ta bar kwamfuta ta ruga, ta ɗan murza mata tafin ƙafa, ta ja iska ta tsala ihu. Ina tsaye a bayan gilashi. Duka abin bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba. A bayan gilashin nan na tsaya ranar Alhamis ɗin ma.

Ta dawo. Ta dawo, har ta yi fitsari a hannun nas.

Talata, da yamma

Abin da na gani da safe ya bi ni ofis. Nas ɗin ta bar allo a buɗe ta ruga, kuma haka ya kamata ta yi. Amma yadda na rubuta gyaran, duk layin da yatsa yake kai a kulle yake har sai an gama, don kada mutum biyu su gyara abu ɗaya lokaci guda. Da sabuwar manhajar ce a gabanta, da layin ya zauna a kulle har ta dawo, mai haɗa magani yana ƙasa yana jiran allo ya motsa. A ɗakin bakwaini ba mai zama ya gama abin da ya fara.

Na sauya. Yanzu ba kulle yayin da take kallo. Sai ta danna tabbatarwa manhaja za ta kama layin, ta duba ko wani ya taɓa shi tun da aka karanto, in ba a taɓa ba ta gyara ta saki nan take, in an taɓa ta ce mata ta sake dubawa. Wannan ba a ofis na koye shi ba, a benci ne.

Laraba

Jaka ɗaya. An cire mata robar iska na ɗan lokaci, ta riƙe.

Alhamis, da azahar

Na je ofis yau. Ban yi wani aiki ba, amma na je.

Juma'a, da hantsi

Shugaban likitoci ya sa hannu. Ya tambaya ko an taɓa samun irin wannan a baya. Sista ta ce da can akwai wata mai rajista da in 'yan biyu suka zo take ƙara ɗigo a bayan lambar na biyun, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya sani. Ta yi ritaya, aka sabunta allon rajista ya riƙa ɗauko lambar uwa da kansa, wurin ɗigo ya toshe. Bayan haka 'yan biyun da aka samu mace da namiji ne, ko kuma tare aka sallame su. Mu ne na farko da ɗaya ta tafi ɗaya ta tsaya.

Litinin, da hantsi

An hau da sabuwar manhaja. Oga ya ce Dogo ne zai buɗe layin Ƙarama, ni in tsaya a baya. Da layukan biyu suka fito a allo, iri ɗaya sak, duka a rufe, Dogo ya ce ai duk ɗaya ne, kowanne aka buɗe ya yi. Na ce ba ɗaya ba ne. Ya dube ni, ya cire hannunsa.

Rumbu yana da wani adireshi na can ciki da yake ba kowane layi lokacin da aka rubuta shi, ba a nuna wa nas. Muka duba. Ɗaya ya riga ɗaya shiga. Babba ce ta fara fitowa, ita aka fara rubutawa, ita ce mai nauyi, ita kowa ya ce ba a jin ta. Na san inji bai damu ba. Ni na damu.

Oga ya yi gyaran murya ya ce zai je ya sha ruwa. Dogo ya tura mini kujera.

Na ɗora manuni a layin farko. Ban taɓa komai ba. Na ɗan jima a wurin, ba wanda ya ce in yi sauri. Sannan na sauka ɗaya, na ce buɗe. Manhaja ta tambaye ni wannan nake nufi. Na ce shi. Ƙasan allo ya rubuta an gyara layi ɗaya.

Na kifa kaina a tebur. Dogo ya fita ya ja ƙofa.

Litinin, da la'asar

Ba a rubuta takarda ba. Jakar ta zo da kanta. Ɗaya.

Laraba, bayan azahar

An mayar da ita ɗakin da ke kusa, na waɗanda suka fara ƙwari. Nas ta canza mata ɗaki a allo, layinta kaɗai ya tashi. Na tsaya a bayanta ina leƙe har ta ce Injiniya ko in ba ka kujerar ne.

An ɗora ta a ƙirjin uwarta, fata da fata, an lulluɓe su. Mai ɗakina ta yi barci a zaune, bakinta a ɗan buɗe. Rabon da in ga ta yi barci irin wannan tun kafin a kwantar da ita. Sista ta ce gobe ni ne, in zo da riga mai maɓalli kuma in yi wanka da kyau. Na ce kullum ina yi. Ta ce ba ta musa ba.

Alhamis, da yamma

Na riƙe ta. Nauyinta kamar na 'yar kyanwa, amma da ƙafa take tokare ni. Na ji tsoro, na ji daɗi, na yi ta zufa. Yaya ta ce na zauna kamar wanda aka ɗora wa tiren ƙwai.

Sai da na zo rubuta ranar na ga Alhamis ce.

Asabar

Ta kama nono da bakinta.

Talata, da la'asar

Jaka ba ta zo ba yau. Na ga ƙugiyar babu komai, kafin in san abin da nake yi har na kai bakin matakala zan sauka ɗakin magani. Sista ta ƙwala mini kira tana dariya. Likita ne ya tsayar da ita da safe, madara ta isa. An cire allurar hannun ma.

Na zauna a kan matakalar na yi dariya ni kaɗai, har wani mai tura keken marasa lafiya ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, jaka ce ba ta zo ba. Ya wuce yana waige.

Juma'a, da azahar

An sallame mu.

Yaya ta zo da kaya kamar za mu yi hijira. Dogo ya hau sama da kansa, ya leƙa zani ya ce alhamdulillahi yarinya ba ta ɗauko hancin ubanta ba. Oga ya aiko a ce in na sake sauka ofis kafin hutuna ya ƙare zai sa mai gadi ya tare ni.

Da aka zo rufe layi, Sista ta juya allon ta ce uwar ta zo ta danna da kanta, ita ta yi wahalar. Mai ɗakina ta miƙa mini jaririyar ta matsa. Ban taɓa nuna mata allon ba. Layi biyu ne a ƙarƙashin lambarta, na sama ya dushe, na ƙasa yana da haske. Na buɗe baki zan nuna mata wanda za ta zaɓa, sai na ga ba ta buƙata.

Ta sa yatsa a kan gilashin allon, a layin sama. Ba a danna komai da taɓa gilashi, allon ba irin wannan ba ne. Ta bar shi a wurin. Nas-nas suka sami abin yi a wani gefe. Sannan ta sauke yatsan zuwa na ƙasa, ta kama linzamin kwamfutar da ɗayan hannun, ta zaɓa. Manhaja ta tambaya wannan take nufi. Ta danna. An gyara layi ɗaya. Na sama bai motsa ba, yana nan inda yake.

Ta juyo ta ce, "Yana nan ko bayan mun tafi?"

Na ce yana nan.

Ta karɓi 'yarta ta gyara mata hula. Mun kai bakin ƙofa, kusa da bencina, Sista ta biyo mu da katin ranar dawowa awo da muka manta a tebur. Ta ɗaga shi sama, ta buɗe baki, na ga ta ɗan tsaya tana neman abin da za ta kira ta da shi. Sai ta ce, "Maman Biyu."

Mai ɗakina ta juya ta ce, "Na'am."